Makon da Goggo Ba Ta Ɗauki Jariri Ba

Ranar da muka kai Goggo makwancinta, ban san rabin mutanen da suka yi mini ta'aziyya ba. Muna dawowa daga maƙabarta muka tarar an shimfiɗa tabarmi tun daga zauren gidanmu na Ƙofar Ran a Bauchi har bakin titi, masu keke sun rasa ta inda za su bi, sai sun zagaya ta bayan masallaci. Wani mutum mai furfura a gemu ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Ba ka san ni ba, amma ita ta yi mini wankan farko." Bayansa wani ɗan sanda ya durƙusa da kakinsa, ya faɗi kusan abin da na farkon ya faɗa. Haka aka yi ta yi har la'asar.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida har ƙofar madafa. Ƙawar Goggo ta ƙuruciya, wata tsohuwa da ido ya fara yi wa gardama, ba ta yi kuka ba, faɗa ta yi ta yi. Tana cewa, "Mun yi da ita, ita za ta yi mini wanka idan na mutu. Yanzu a hannun wa ta bar ni?" Can gefe kuma Maman 'Yan Biyu, matar nan 'yar kudu mai shagon atamfa a Wunti, ta yafa mayafin da ta aro, tana zaune dirshan a ƙasa. Duk wanda ya ce mata ta yi haƙuri sai ta girgiza kai ta ce, "Uwata ya tafi." Babanmu, ƙanin Goggo, yana zaune a zaure da carbi a hannu, ba ya ja, ba ya cewa komai sai amin.

A rana ta biyu ne na ji wasu mata biyu suna magana ƙasa-ƙasa a bakin rijiya. Ɗaya ta ce, "Ai tun da aka ɗura mata wutar nan ta Indiya ba ta ƙara lafiya ba." Ɗayar ta ce, "Abin da ko jika ba a bari ya raɓe ka." Ban tanka ba, gidan makoki ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ni na raka ta duk tafiye-tafiyen nan, na kuma san ba haka abin yake ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kafin labarin bakin rijiya ya zama shi ne labarinta.

Goggo yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta haifi biyu duk suka koma tun suna hannu, daga nan haihuwa ta tsaya mata. Da aka yaye ni sai Babanmu ya ɗauke ni ya kai mata. Sunan mahaifinsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Babana take ce mini, ko da tana zane ni da tsintsiya. Da mijinta ya rasu ta tattaro kayanta da ni muka dawo gidan gado, ta zauna a ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida, kusa da bishiyar darbejiya.

Ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa. Takan ce wannan aikin asibiti ne, nata daga an yanke cibiya yake farawa. Duk gidan da aka sauka a unguwarmu, ita ake aiko wa. Ta ɗauki sosonta da sabulun salo a cikin ɗan kwano, ta tafi a ƙasa, ba ta hawa keke sai tafiyar ta wuce Wunti. Da gwiwar hannu take gwada ruwa. Idan ta karɓi jariri takan gaishe shi kamar baƙon da ya sauka daga mota: "Sannu da zuwa. Ya hanya? Ka baro su lafiya?" In ya tsala kuka ta ce, "To, mun ji. Mu ma ba a tambaye mu ba aka kawo mu." Ta wanke shi, ta gasa cibiya, ta miƙe masa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta koma kan mai jego da tafasasshen ruwa da ganye. Ba ta son a fesa wa jariri turare, ba ta son a naɗe shi da rigunan sanyi a tsakiyar bazara, kuma ba ta ɓoye ra'ayinta ko a gidan wa take. Akwai matar wani babban ma'aikaci da suka yi shekara ba sa ga maciji saboda Goggo ta tuɓe wa jikanta hula da safa a gaban baƙi.

Ina firamare ta haɗu da Maman 'Yan Biyu. Atamfa ta je saya, ta ji kukan jarirai biyu a bayan labulen shago. Ta leƙa ta ga yarinya ƙarama ita kaɗai, kwananta kaɗan da haihuwa, miji ya tafi saro kaya, uwarta tana can kudu ba ta da lafiyar zuwa. Goggo ta ajiye jakarta ta ce a nuna mata murhu. Kullum da safe take zuwa har aka yi arba'in. Da wasu a unguwa suka fara cewa me ya kai ta gidan waɗanda ba addini ɗaya ba, ba yare ɗaya ba, sai ta ce, "Ni dai da na shiga ban ji sun yi kukan da wani yare ba." Tun daga lokacin, duk Sallah sai atamfa ta zo daga Wunti, duk Kirsimeti sai Goggo ta soya masa kwano guda ta aika.

Ciwon ya daɗe a jikinta ba mu gane ba. Tana zaune kalau sai fuskarta da wuyanta su ɗau zafi, idanu su kaɗa, zuciya ta riƙa bugawa, can kuma ya lafa. Ta ce zafin murhu ne. Sai gudawa ta biyo baya, wadda ba ta jin magani, ta fara ramewa, zannuwanta suna yi mata yawa. An yi maganin taifot har mun gaji. An ce olsa, an ce basir, an ce shawara. Lokacin ina koyarwa a wata sakandare, ina zaune a Yelwa da matata, duk ƙarshen mako sai na zo na tarar da sabon ƙullin magani a kan tagarta.

Wani likita a babban asibiti ne ya ce a yi hoton ciki. Aka ga tabo-tabo a hanta, aka ɗebi 'yar tsoka aka aika gwaji. Da sakamako ya fito ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa, a hankali. Ya ce wani nau'in ciwon daji ne da ba a cika gani ba. Yana tasowa daga wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke cikin hanji, waɗanda aikinsu fitar da sinadaran da ke daidaita jiki. Ƙarin da yake tsirowa a wurin ba ya gaggawa, yakan yi shekaru yana girma, yana zuba sinadarin nan cikin jini fiye da kima. Shi ne zafin fuskar, shi ne gudawar. Na Goggo ya riga ya kai hanta, tiyata ba za ta kwashe shi ba. Aka sa ta a kan wata allura ta wata-wata, mai kaurin baki, wadda takan sa ta ɗingishi kwana biyu. Allurar ta riƙe ta wajen shekara biyu. Daga nan ta daina ji.

A lokacin ne likitan ya kawo maganar ɗaya maganin. Ya ce a jikin irin wannan ƙari akwai wasu 'yan ƙofofi da ke cafke wani sinadari na musamman. Sai masana suka ƙera irin sinadarin, suka ɗaura masa ɗan burbushin nukiliya. Idan aka sa a jijiya, jini zai zagaya da shi, ya je ya manne a jikin ƙarin duk inda yake, ya riƙa ƙona shi daga ciki, sauran jiki kuma abin da zai taɓa shi kaɗan ne. Ya ce ba warkewa ba ce, ja wa ciwon birki ne. Ba a yi a nan, sai an fita waje. Sau huɗu ake yi, tsakanin kowanne kamar wata biyu.

Goggo ta saurara har ya gama, ta juyo ta dube ni. "Babana, wato maganin ɓera ne. A tura shi a cikin busasshen kifi, ɓeran da kansa zai zo ya ɗauka."

Likitan ya yi dariya ya ce bai taɓa jin wanda ya faɗe shi haka ba, amma kusan hakan ne.

Babanmu bai yi dariya ba da muka kai masa labari. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, rediyo ba ya barin kunnensa, kuma duk abin da ya sani game da nukiliya a labarin yaƙi ya ji shi. Ya zo ƙofar ɗakinta bayan la'asar, ya tsuguna kamar yadda ya saba, ni ina gefe.

"Yaya, abin da ake hallaka gari da shi za a ɗura miki a jijiya?"

"Likita ya ce ɗan kaɗan ne."

"Kaɗan ɗin ma ban yarda da shi ba." Sannan ya fito da abin da ke cinsa. "Idan ta Allah ta kasance a can fa? Wa zai yi miki sutura? A binne ki cikin mutanen da ba su san sunan ubanki ba?"

"Ƙasar can ba ta Allah ba ce?"

"Ki zauna a ɗakinki, mu yi ta addu'a. Shekarunmu sun wuce na yawon asibiti."

Ta gyara zama. "Akwai wankan da nake jira. Matar Babana tana da ciki wata uku, in ba ka sani ba ka sani. Shekara nawa muna roƙon Allah? Uwarta ba ta da rai, uwarsa ba ta da rai. In ina da hanyar da zan kai lokacin, zan bi ta."

Gaskiya ne, mun daɗe da aure ba haihuwa, har mutane sun daina tambaya. Goggo kaɗai muka gaya wa maganar cikin. Babanmu ya dube ni, ya dube ta, na ga murna da fushi suna kokawa a fuskarsa. Fushin ya yi nasara. Ya ce, "To, ba da yawuna ba."

Ta ce, "Ba da yawunka aka haife ni ba. Ni na goya ka. Gaya maka nake, ba izini na zo nema ba."

Makonni suka wuce a haka. Kullum da safe yana zuwa ƙofarta ya ce, "Yaya, ina kwana," ta ce, "Lafiya," shi ke nan. Babu "ya gajiya", babu "ya iyali", babu "ya jiki". Mutanen da kan yi rabin hantsi suna gaisawa da tsokanar juna. Gidan gaba ɗaya ya yi nauyi. Dangi suka yi karo-karo, aka yi takardun tafiya. Ranar da za mu tashi, muna sa kaya a mota, sai ga Babanmu da bargonsa na ulu da leda cike da kuka da daddawa da yaji. Ya miƙa mini, bai dubi inda take ba. Ya ce, "An ce ba su iya miya ba." Da na zagaya zan shiga mota ya kama hannun rigata ya ce, "Ka dawo mini da ita."

A Indiya muka sauka a wani gida kusa da asibitin, inda 'yan ƙasarmu masu jinya suke kama ɗaki. Aka fara da wani hoto na musamman don a ga ko ƙarin nata yana da ƙofofin da maganin zai kama. Da hoton ya fito, hantarta ta yi ɗigo-ɗigo masu haske, likitar can, wata mace mai gilashi, ta yi murmushi tana gyaɗa kai. Goggo ta taɓo ni ta ce, "Wannan murna take da ciwona?" Na ce murna take don duk inda ya haska, nan maganin zai je ya zauna.

Ranar magani aka kai ta wani ɗaki a ƙarshen baranda, mai kaurin bango. Aka fara da ƙarin ruwa na kare ƙoda, wanda ya ɗauki sa'o'i, shi ne kuma ya fi wahalar da ita, don tashin zuciya yake sa ta. Maganin kansa a cikin wani gwangwani mai nauyi na darma aka turo shi. Da aka buɗe, ɗan ruwa ne fari a kwalba. Ni ina waje, ta waya muke magana. Ta ce, "Babana, duk wannan tafiyar saboda ɗan ruwan nan? Ko kurkure baki ba zai isa ba." Can an jima ta sake kira, murya a shaƙe, ta yi amai. Ta ce mutanen nan ba su iya jinya ba, ma'aikaciya ta shigo a tsaye ta fita a tsaye, ko zama a bakin gado ba ta yi. Na ce ba wulaƙanci ba ne, maganin da ke jikinta yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, su kuma kullum cikinsa suke aiki, dole su taƙaita.

Kafin a sallame mu aka karanta mana dokoki, ina fassara mata. Ta sha ruwa da yawa. Ta yi amfani da bayinta ita kaɗai, ta kora ruwa sau biyu. A wanke kayanta daban. Ta kwana ita kaɗai. Duk ta ce to. Sai na zo kan ta ƙarshe: na wasu kwanaki kada ta kusanci ƙananan yara da mata masu ciki, har sai tururin ya ragu. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ba ta ce to ba, ta juya tana naɗe sallayarta.

Zuwa na farko da na biyu, a can muka zauna har kwanakin suka cika sannan muka dawo, don kada a sami matsala. Duk da haka labari ya riga mu isowa. Aka ce an sa mata wuta a jiki, aka ce duk wanda ta taɓa zai kamu. An yi haihuwa biyu a unguwa ba a aiko mata ba. Sai na ga ta ɗauke kwanon sosonta daga kan taga ta tura ƙarƙashin gado.

Zuwa na uku ne lissafi ya rikice. Mun ɗauka da sauran makonni kafin matata ta haihu. Washegarin da aka sa wa Goggo magani, waya ta shigo daga Bauchi: an sauka lafiya, namiji. Ina tsaye a baranda na gaya mata ta waya, ita tana ciki. Ta yi hamdala ta yi hamdala, sannan ta ce, "Je ka nemo mana jirgi."

Likitar ba ta so ba. Bayan kwana biyu ta auna ta da wata 'yar na'ura, ta ce za ta iya tafiya, amma da sharaɗi: ba ɗaukar jariri, ba zama kusa da shi, har ranar da ta yanka mana. Ranar ta faɗo bayan suna.

Mun iso Ƙofar Ran da rana tsaka. An kawo matata gidan don wankan jego. Muna shiga, wata jikar Babanmu, 'yar shekara uku da ta saba kwana a bayan Goggo, ta sheƙo da gudu hannuwa a buɗe. Goggo ta ja da baya ta daka mata tsawa, "Tsaya nan!" Yarinyar ta tsaya cak, ta dube ta, ta fashe da kuka. Tunda nake ban taɓa ganin Goggo ta kori yaro ba. Ta wuce ɗakinta ta zauna fuskarta na kallon bango, ta daɗe a haka.

Da safe ta fito da kujera 'yar tsugunno ta zauna a gindin darbejiya, can nesa da ƙofar ɗakin mai jego. Wata maƙwabciya ce ke wanke jaririn. Goggo ta kalla ta kalla, ta kasa haƙuri. Ta ce da ni, "Tafi Wunti ka kira mini Maman 'Yan Biyu. Ta ga yadda nake yi sau tamanin."

Matar ta rufe shago ta biyo ni a keke. Ta ɗaura zane a ƙirji, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora yaron a cinya. Goggo daga can tana ba da umarni.

"Gwada ruwan da gwiwar hannu, ba da yatsa ba. Tallabi ƙeyarsa. Bayan kunne fa? Haka na yi wa naki?"

"Mama, ka bar ni in yi aiki na."

"Ina barin ki. Hammatarsa."

Na lura hannuwan Goggo suna motsi a kan cinyarta, suna cuɗawa, suna juyawa, kamar yaron yana wurin. Da aka gama, Maman 'Yan Biyu ta miƙe ta ɗaga shi sama, ta juyo da fuskarsa wajen bishiyar. Goggo ta kare ido da hannu ta dube shi. Ta ce, "Angona, sannu da zuwa. Ka yi haƙuri, amaryar taka tana cikin lalle, ba a ganinta sai ranar." Matata tana bakin ƙofa tana dariya tana share hawaye.

Ranar suna gida ya cika da mata da yara. Goggo ta shige ɗakinta tun da sassafe, ta sa aka gitta benci a ƙofar. Na damu ƙwarai, don na san yadda za a fassara abin. Sai ga Babanmu, bayan an raɗa suna an raba goro, ya baro maza a zaure ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi ranar taron mata. Ya zauna a kan bencin nan. Duk wadda ta zo gaishe da Goggo sai ta bi ta kansa, shi kuma ya yi mata bayani.

"Ba ciwo ne mai yaɗuwa ba. Maganin ne yake fita daga jikinta a hankali. Babba irina ba abin da zai same shi daga nan, yara ake karewa. Jibi ya ƙare. Ku gaisa daga nan."

Ya faɗa ya fi a ƙirga. Tsakanin baƙi kuma ina jin su suna hira, shi a waje ita a ciki, tana ce masa har yanzu bai iya ɗaura rawani ba, yana ce mata miyar Indiya ta ƙara mata baki. A nan ya ci tuwon suna, a nan ya yi azahar.

Da ranar ta zo, ta yi wanka, ta sauya kaya tun daga ɗankwali har zane, ta sa na sake kiran likitar a waya don ta ji da kunnenta, ko da ba ta jin Turancin. Sannan ta jawo kwanon sosonta daga ƙarƙashin gado, ta tako tsakar gidan a hankali. Maman 'Yan Biyu ta tashi ta ba ta wuri. Aka ɗora mata yaron. Muka zuba ido muna jiran gaisuwar da ta saba yi. Sai kawai ta sa hancinta a wuyansa ta daɗe. Da ta ɗago, ta tsoma gwiwar hannu a baho ta ce, "Kun bar ruwan ya huce. A ƙaro."

Mun koma zuwa na huɗu, muka gama. Hoton da aka yi daga baya ya nuna wasu ɗigon sun ragu, sauran sun tsaya inda suke. Ba zan ce ba ta sha wuya ba. Ta yi fama da kasala, gashinta ya yi sauƙi, akwai lokacin da jininta ya yi ƙasa har muka tsorata. Amma zafin fuskar ya tafi, gudawar ta tsaya, ta koma cin masa da miyar taushe har tana neman ƙari. Kusan shekara uku ta samu a haka. Ta goya angonta har ƙafafunsa suna dukan cinyoyinta. Ta ga haƙorinsa na farko, ta ga tafiyarsa, ta ji ya kira ta Gwaggo da bakinsa mai tsamin koko. Matan unguwa suka dawo da aike ɗaya bayan ɗaya, ba ta tuna wa kowa komai ba. Sai dai ƙarfinta ya ragu, saboda haka ta riƙa tafiya da matata tana riƙe mata kwano.

Da ciwon ya sake motsawa, likitoci suka duba suka ce jininta da ƙodarta ba za su ɗauki wani zagayen ba. Ni na shiga damuwa, ina ta neman wata hanya. Ita ta ce in zauna. Wata rana da yamma ina matsa mata ƙafa na tambaye ta ko ta yi nadamar tafiye-tafiyen nan, da aman, da zaman kaɗaici.

Ta ce, "Wanka ɗaya na roƙa, aka ba ni har yaye. Nadamar me?" Sannan ta ce, "Ka gaya wa matar nan mai gilashi na gode. Ka ce mata kuma su riƙa zama a bakin gadon mara lafiya ko na minti ɗaya ne, in dokar ta bari."

Ta cika da hantsi, ranar wata Talata, kanta a cinyar matata, Babanmu yana laƙƙana mata kalmar shahada.

Bayan an yi arba'in, wata safiya muna zaune a tsakar gida ana karyawa, sai muka ji sallama da sauri. Wani matashi ne maƙwabcinmu, direba, ko hula babu a kansa. Ya shigo yana haki yana murmushi, ya ce, "A gaya wa Goggo an sauka, mace." Yana rufe baki ya tuna. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Ya tsaya a tsakiyar gida, ya rasa inda zai sa idonsa, ya fara ba da haƙuri.

Matata ta ajiye kofin kununta, ta sauke yaron daga cinyarta ta miƙa mini. Ta gyara ɗaurin zane, ta jawo mayafi, ta ce masa, "Allah ya raya. Je ka ce su ɗora ruwa, ga ni nan."

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Ya karɓe ta da irin tausayin da ta karɓi 'ya'yan mutane da shi. Mu kuma da muka bi ta hannunta, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.